Shin dole ne duk abin da hannu ya iya ya zama sana'a?

Maman Nafisa, Sabon Gari, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙananan wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya.

Ni malamar makarantar firamare ce a nan Damagaram, shekarata goma sha bakwai ke nan ina riƙe da alli. Kimanin shekara uku da suka wuce na ɗauko keken ɗinkin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, irin na ƙafa mai hoton malam-buɗe-littafi a jikinsa, na kai aka wanke shi aka sa masa mai, na fara ɗinka jakunkuna da guntayen atamfa da shadda waɗanda wani tela na unguwarmu yake tara mini a leda maimakon ya zubar. Ban koya a wurin kowa ba. In jaka ta tsufa sai in farke ta, in duba yadda aka harhaɗa ta, sannan in kwaikwaya. Da yake keken ba ya bukatar wuta, ko an ɗauke lantarki ba ruwana, sai in kunna fitila mai caji in ci gaba da abin da nake yi.

Ranar Laraba da yamma, da ba mu komawa aji, nakan shimfiɗa tabarma a inuwa, in juye ledar guntayen nan, in yi ta jera su ina gwada wannan kusa da wancan, har wani lokaci in cinye awa guda ban sa allura ba, ina neman ƙyallen da zai zauna da shuɗi mai duhu ba tare da ya danne shi ba. Ni da kaina na gano cewa idan aka wanke buhun shinkafa aka yanka shi aka sa tsakanin atamfa da shafi, jaka takan tsaya da gindinta ba ta langaɓewa, kuma ranar da na gano haka na yi murna kamar an yi mini ƙarin albashi. Wadda na gama in ba 'yar'uwa, ko maƙwabciya, ko in rataye ta a ɗaki.

Matsalar ta faro ne a wani gidan suna, inda ƙanwar maigidana ta nuna wa mata jakar da na ba ta. Kafin sati ya zagayo wata baiwar Allah ta aiko mini da atamfar anko, wai in ɗinka jaka arba'in da za a raba wa ƙawayen amarya, cikin sati uku, kowace a kan jika ɗaya da rabi, wato sefa dubu ɗaya da ɗari biyar. Kunya ta hana ni cewa a'a. Na yi ta ɗinki har ƙarfe ɗayan dare ga gyaran littattafan yara na jirana, bayana ya ƙage, idona ya yi ja, jaka arba'in duk launi ɗaya, fasali ɗaya, babu zaɓin ƙyalle balle shawara da zuciya. Da na kai, aka dawo mini da shida wai zif ɗinsu ya karkace, kuma har yau da sauran kuɗina a hannunta, ni ke jin nauyin tambaya. Tun daga ranar na lulluɓe keken da tsohon zane, yau wata biyu ke nan ko kallonsa ba na son yi.

Surukata, wadda nake girmamawa ƙwarai, ta ce abin da ba ya kawo ko dala ba aiki ba ne, wasan yara ne, kuma mace mai hankali ba ta zama tana ɓata zare ga tsadar hatsi. Ban iya musa mata ba, domin ni ma na san farashin tiyar gero.

Tambayata ga masu irin wannan sha'awa, ko ta ɗinki, ko girki, ko zane, ko wani abu daban: shin a halin da muke ciki mutum yana da damar ajiye wani aikin hannu don jin daɗinsa kawai, ba tare da an ɗauke shi mai ɓarnar lokaci ba? Waɗanda kuma suke sayarwa, ta yaya suka hana ciniki ya kashe musu daɗin aikin? Sannan na daɗe ina sha'awar gwada jakar fata, in akwai wanda ya san ta inda ake farawa, ya taimaka mini.

Ɗan Baduku, Birni

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Inna, ya sa keken nan ya zama sadaka mai gudana a gare ta.

Ni ɗan dukawa ne gaba da baya, ko da yake yanzu tuƙin mota nake yi, basilla sai ranar hutu. Ki yi haƙuri, zan fara da inda na saɓa miki. Wannan rabewa da kika yi, cewa ga aikin kuɗi ga kuma aikin jin daɗi, mai albashi ne kaɗai yake iya yin ta. Mahaifina ya shekara fiye da arba'in yana ɗinka takalma da kube da layu da zabira, da su ya ciyar da mu, kuma da kin tambaye shi ko yana jin daɗin aikin da sai ya dube ki ya rasa abin da kike nufi. Haka kuma, kyautar jaka da kike rabawa alheri ce, amma ki sani a bayan layinku wataƙila akwai wadda mijinta ya rasu, da jakar nan take sayen cefane, kuma in mata suka saba samu a banza, ko a kan jika ɗaya da rabi, ita ce za ta ji a jikinta. Kuɗin da kika yanka bai biya zare da zif da barcinki ba. Ba ciniki ne ya cuce ki ba, Malama, kunya ce.

Duk da haka, da na karanta bayaninki sai na tuna wani abu. Akwai wata gafaka da Baba ya yi wa Alƙur'aninsa, ya fi shekara biyu yana yin ta, ba ya taɓa ta sai bayan la'asar ranar Juma'a. Ya fere koriyar fata siriri kamar zare ya yi mata ado a baki, in layi ɗaya bai yi masa ba sai ya warware ya sake. Wani Alhaji ya taya ta da kuɗin da ya kai na rago, Baba ya ce ba ta sayarwa ba ce, ya mayar da ita cikin akwati. Tana wurin yayana har gobe. Saboda haka ba zan ce surukarki ta yi gaskiya duka ba.

Game da fata kuwa, kin zo gida. Garin nan ya daɗe da sanin jima da dukanci, tun zamanin da ayari ke bi ta nan tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus, musamman a mulkin Sarki Tanimu, daga 1851 zuwa 1884. Fatun ƙasar Hausa da suka ƙetare Sahara su ne Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, alhali daga wajenmu suka fito. Kada ki sayi fata a hannun 'yan talla. Ki sami wani namiji na gida ya raka ki majema da safe, ki ga abin da idonki, amma ki tafi da shirin wari. Za ki tarar ana jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, a kankare ta da wuƙa mai ƙota biyu, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, wanda shi ne ainihin jimar, daga baya a shafa mata mai a yi ta murza har ta yi laushi. Jan launi daga karan dafi yake fitowa. Baƙi kuwa kuloko ne, ana haɗa shi da tsatsar ƙarfe, da zarar ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta rine.

Ki nemi fatar akuya, in da hali ta jar akuyar Maraɗi, domin ita ce mai ƙarfi da santsin fuska. Ta tunkiya ta fi laushi amma tana saurin yagewa, ta fi dacewa da shafi. In kin ɗauki fata, ki ninke ta ki matse da yatsa: wadda ta yi farin layi ko ta tsage a wurin ninkin ba ta jimu ba, ki ajiye musu abinsu. Ki ɗaga ta ki duba ta a hasken rana, nan za ki ga inda wuƙar mahauci ta rage mata kauri.

Abu na ƙarshe, kada ki sa fata a keken Inna, za ki karya allura ki kuma lalata shi. Ki sayi basilla ki riƙa huda rami ɗaya bayan ɗaya, ki shafa wa zaren kakin zuma, ki yi ɗinki da allura biyu, kowace ta shiga rami ɗaya ta fuskar da ta saba wa 'yar'uwarta, ta yadda ko zare ɗaya ya tsinke ɗinkin ba zai warware ba. Kada ki fara da babbar jaka. Ki fara da ɗan alabe ko gidan salula.

Hajiya Inna, Zango

'Yata, sannu da ƙoƙari. Jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa, in an ga kuskure nata ne.

Ni alkaki da dubulan da nakiya nake yi na gara, tun kafin a haifi wadda take riƙe da wayar nan. Abin da ya same ki ya same ni ba sau ɗaya ba. Akwai shekarar da na karɓi aikin gidaje uku a sati ɗaya, ga ƙarancin ruwan famfo irin na garin nan, sai da na sayi ruwan 'yan garuwa na wanke tukwane, na tsaya a bakin wuta har ƙafafuna suka kumbura, a ƙarshe uwar amarya ɗaya ta ce alkakin bai sha zuma ba. Na yi wata guda ko warin mai ba na son ji.

Alkaki ba ya son gaggawa, shi ya sa nake ƙaunarsa. Alkamar barzawa ake yi, ba a niƙa ta lilis, a murje ta da mai har in kin dunƙula a hannu ta kama, a kwaɓa a rufe ta kwana ta yi tsami, da safe a sa ɗan ruwan kanwa, a murza kamar igiya a naɗe. Wutar suya kaɗan-kaɗan ake sa ta, in kin cika wuta waje ya yi ja ciki ɗanye. Sukarin kuma in ba a sa masa tsamiya ko lemun tsami ba, yana hucewa zai daskare ya yi fari a jikin alkakin. Duk wannan, in na mutane ne, da lissafi nake yin sa, ina kallon mai ina kallon agogo. Amma duk ranar Juma'a ina yin dambun zogale, da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan tattasai, ba na aunawa, ba na sayarwa, ko nawa za a ba ni. Na ci, jikoki su ci, a miƙa wa maƙwabta ta katanga. Wata rana in ƙara wani abu in gani, in bai yi daɗi ba mu yi dariya mu cinye. Wannan tukunyar ita ce tawa, sauran na kasuwa ne.

Shawarata, in za ki sake karɓar aiki, ki karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ki faɗi adadin da za ki iya, ko biyar ne, kuma ke za ki sa rana, ba mai biki ba. Wanda bai yarda ba ga kasuwar Dole can, jakunkuna sun yi yawa. Bashinki kuma ki aika ƙanwar mijin naki ta karɓo, tunda ita ta jawo.

Surukarki kuwa kada ki yi jayayya da ita, mu tsofaffi mun ga yunwar 1984, shi ya sa ba mu son ganin ana wasa da abin da zai iya zama hatsi. Ki ɗinka mata jakar zuwa masallaci mai aljihun carbi, ki kai mata da kanki, ki ga ko za ta sake kiran abin wasan yara.

Ɗalibi mai biro, Jami'ar André Salifou

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Malama, ni ɗanki ne, ba ni da shawarar da zan ba ki, sai dai in faɗi nawa.

Ni zane nake yi da biro a bayan takardun karatu. Ranar Lahadi da safe nakan shiga Birni in zauna gaban tsofaffin gidajen nan masu ado a fuska, in kwafi dagi da sauran zanen da magina suka fitar a jikin bango, da zankwayen da ke saman soro. Abin da ya sa na dage shi ne, wasu gidajen da na zana shekara biyu da suka wuce yanzu damina ta zubar da fuskarsu, wasu kuma an shafe su da siminti. Maginin da ya yi adon nan an biya shi kuɗin gini, amma ban yi tsammanin an biya shi kuɗin kowane lanƙwasa da ya ƙara ba, bango zai tsaya ko babu su. Abokaina na fada, wato majalisar hirarmu ta samari, suna yi mini dariya, suna cewa in je in riƙa rubuta allon shaguna a biya ni. Wataƙila wata rana in yi, domin gaskiyar Ɗan Baduku ce, wanda ba shi da albashi ba shi da zaɓi da yawa.

Sai dai ina so a tuna da Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, wanda ya rasu a 2015. Kanikanci ya koya, zane kuwa abin sha'awarsa ne tun yana yaro, yana yin hotuna yana haska su da fitila don mutane su kalla. Daga nan ya kai ga fim ɗin Aouré a 1962, ya kuma zama cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Da an hana shi tun farko an ce wasan yara ne, da Nijar ta yi asara. A nan gida kuma ga Aïcha Macky, 'yar garin nan, wadda ta ɗauki kyamara ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim ɗin Zinder a 2021. Na kalle shi sau uku. Na farko labarin nake bi, na biyu da na uku kuwa ina tsayar da shi ina duba inda ta ajiye kyamara da yadda ta bar mutum ya yi shiru ba ta yanke ba. Tun daga nan kallon fim ya canza mini, ko na Kano nake kallo a salula sai in riƙa lura da ta ina haske ya shigo ɗakin.

Yanzu ni da abokina muna gwada ɗaukar 'yan gajerun hotuna na minti uku da waya. Na farkonmu a kan wata mai ginin tukwane ce a garin Mirriya, iska ta cinye muryarta gaba ɗaya, ba a jin komai sai fuuu. Mun koyi cewa ana rufe makirfo da guntun soso.

Maman Nafisa, Sabon Gari, Damagaram

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na bi maganarki, na aika ƙanwar maigidana, an ba ta rabin abin da ya rage, sauran an ce sai ƙarshen wata. Jakar surukata kuma na yanka ta jiya da dare, da wata shadda ruwan toka da na daɗe ina ɓoyo, wannan ne karo na farko da na yaye zanen da ke kan keken. Sai da na sa masa mai, domin ƙura ta shiga ko'ina.

Malam Ɗan Baduku, maganarka ta kyauta ta tsaya mini a rai, domin kuwa akwai irin matar da ka kwatanta a unguwarmu, kuma ban taɓa kawo ta a lissafi ba. Na yanke shawarar duk wadda ta sake zuwa da aikin biki in tura ta wurinta. Amma ban yarda cewa kunya ce kaɗai ta cuce ni ba. Ko da an biya ni ninki uku, jaka arba'in iri ɗaya ba za su ba ni abin da nake samu a kan tabarmar ranar Laraba ba.

Ranar Asabar ƙanena ya raka ni majema. Warin ya fi yadda ka faɗa, sai da na toshe hanci da gefen mayafi, majeman suna ta dariya. Na ninke fata huɗu kamar yadda ka koya mini, biyu suka yi farin layi, wani dattijo a cikinsu ya dube ni ya ce wa ya gaya mini wannan. Na sayo ja guda ɗaya. To, ga tambaya: har yanzu tana ɗan wari, maigida ya ce ba za ta kwana a ɗaki ba. In wanke ta da sabulu ne? Kuma tazarar ramukan basilla nawa ya kamata ta zama?

Ɗan Baduku, Birni

Malama, kada ki kuskura ki sa mata ruwa da sabulu, za ta bushe ta ƙandare, jan kuma ya zuba. Ki shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, kwana huɗu ko biyar, kina juya ta. Bayan nan ki ɗiga man gyaɗa kaɗan a tsumma ki goge fuskar, ki murza ta da hannu. In da sauran wari, ki turara ta da turaren wuta irin na ɗaki, daga nesa, kada zafi ya taɓa ta.

Ramuka kuwa, ki bar kamar faɗin ƙwayar shinkafa a kwance tsakanin kowane biyu, ki ja layi da bayan wuƙa tukuna don kada su karkace, kuma ki sa katako a ƙasa, ba cinyarki ba. Ki fara gwadawa a ɓangaren ƙafa ko wuya, inda fatar ba ta da kyau, ki bar tsakiyar baya sai hannunki ya faɗa. Dattijon da ya yi miki tambaya, in mai furfura ne a gemu yana zama kusa da ramin bagaruwa na ƙarshe, ki ce ɗan gidan dukawan Birni yana gaishe shi, zai rage miki kuɗi in kin koma.